Maɓallan da Maliki Ya Bari

Duk wanda ya taɓa neman a buga masa takarda a Bagudo shekarun baya ya san Maliki mai tafireta, Allah ya jiƙansa. Ko bai san fuskarsa ba ya san ƙarar injinsa, domin tun daga bakin hanya ake jin ta tana fitowa daga gindin dogon yaron da ke kusa da sakatariya. Nan ya zauna mafi yawan rayuwarsa, da teburi mai ƙafa ɗaya gajeriya wadda ya tokare da dutse, da benci na masu jira.

Ba don takarda aka haife shi ba. A wata ruga kusa da Bahindi ya taso, yana bin shanun mahaifinsa, har shekarar da ciwo ya shiga garken ya bar su da 'yan ƙalilan. Sai aka tura shi wurin wani kawunsa a Segbana, can tsallaken iyaka cikin Benin, ya je ya koyi abin da zai ci abinci da shi. A can ya sami tsohuwar tafireta irin ta Faransa, wadda haruffanta ba a jere suke kamar na Turawan Ingila ba, kuma a kanta yatsunsa suka buɗe ido. Da ya dawo gida da ita ya dawo, ɗaure a bayan keke. 'Yan kasuwar da ke ƙetare iyaka ta Tsamiya suka same shi a daidai, don shi kaɗai ne a garin zai buga maka takarda da Faransanci, ya juya ya buga wata da Turanci, ya kuma karanta maka su da Hausa ba tare da ya ƙara gishiri ba.

Aibinsa ɗaya, in aibi ne, gaisuwa. Maliki ba ya sa takarda a inji sai ya tambaye ka kwana da gajiya da gida da iyali da bisashe, ya jira amsar kowanne, sannan ya koma farko. Mutane suna tsokanarsa cewa gaisuwarsa ta fi wasiƙarsa tsawo, kuma mai sauri ya fi kyau ya bi ta bayan sakatariya. Shi dai dariya yake yi, wata irin dariya ƙasa-ƙasa da ke fita ta hanci. Da kwamfuta ta zo gari ta kashe kasuwar tafireta, ya koma wani shagon buga takardu ya koye ta da girmansa, amma bai taɓa yafe mata ba. Ya ce kibod ɗinta kamar danna tuwo yake, ka danna ba ka ji ya amsa ba.

'Yarsa ta fari ita ce Atika, kuma sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba. Haka al'adar take, ba ƙiyayya ba ce: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, uwa ma haka. In zai kira ta sai ya ce "ke", in zai yi maganarta ya ce "yarinyar nan". Ƙannenta Sufyan da Jummai kuwa sunansu yake kira tun daga ƙofar gida, ya ɗora su a cinya. Atika ta san dalili tun tana ƙarama, an sha gaya mata, amma sanin dalili bai hana abin yi mata ciwo ba. Takan zauna nesa kaɗan da teburinsa tana sauraron ƙarar injin, shi kuma ya yi kamar bai gan ta ba. Sai dai duk ranar da zaren tawadar injin ya ƙare, a gefen da take zama yake ajiye ɗan gwangwanin da zaren ke naɗe a kai.

Ita ce ta gaji sha'awar injin. Ta yi karatun kwamfuta a Birnin Kebbi, ta zauna can tana gyaran kwamfutoci a wani shago. A lokacin ne Maliki ya koyi tura saƙon murya ta waya, abin ya kuwa yi masa daɗi, don ga wurin da zai yi gaisuwa ba mai katse shi. Kowane saƙo da "To, ke" yake farawa, ya jero gaisuwarsa kaf, ya amsa wa kansa wasu, a ƙarshe ya tuna abin da ya sa ya kira.

Ciwon daga harshe ya fara. Maganarsa ta yi nauyi, aka ce gajiya ce, aka ce iska ce, aka sha rubutu. Da hannun dama ya fara sakin kofi sai Atika ta zo ta ɗauke shi zuwa asibiti a Birni. Likita ya ja ta gefe ya ce ciwon jijiya ne mai ci a hankali, ba shi da magani, hankalinsa da jinsa da ganinsa za su zauna daram, amma harshe da hannu za su tafi. Kafin damina ta kama, mutumin da ya fi kowa gaisuwa a Bagudo ya koma kwance a ɗaki, ba ya iya fitar da kalma ɗaya da za a gane.

Hannun hagu ne ya rage, shi ma yana rawa. Atika ta gwada shi da kibod na kasuwa, ya danna harafi ɗaya ya fito jere kamar tururuwa, ya janye hannunsa da takaici. Sai ta tuna da wani irin kibod da take ganin samarin birni suna yayi a intanet, wanda mutum ke haɗawa da kansa, kowane maɓalli da nasa ɗan sifirin a ƙasa, in ka danna ya ce ƙas kamar tafireta. Da can dariya take yi musu, tana cewa wasan 'ya'yan masu hali ne. Yanzu ta yi odar kayan, ta zauna da dalma da ƙarfen liƙi ta haɗa shi da hannunta.

Abin da ya ja ta ga irin wannan kibod shi ne yana da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, kuma mai shi ne ke gaya mata aikin kowane maɓalli. Akwai wani fayil na saiti, rubutu ne zalla layi-layi, kowane gurbi ka rubuta abin da kake so ya yi. Ka adana, ka haɗa, ka loda wa kibod ɗin ta wayar da ke jone shi da kwamfuta, shi ke nan ya zama abin da ka ce. A cikin fayil ɗin ta sa in yatsa ya yi rawa ya danna sau da yawa a jere, a ɗauka sau ɗaya ne. Ta jera haruffan irin jerin Faransa da yatsunsa suka saba da shi tun Segbana, ta matso da su duka ƙarƙashin hannun hagu. Sannan ta yi abin da ta fi alfahari da shi: layin sama gaba ɗaya ta mayar da shi na buƙatu, danna ɗaya kalma ta fito da manyan baƙaƙe a fuskar tsohuwar kwamfutar da ta kawo masa. Ruwa. Abinci. Ciwo. A juya ni. Bayan gida.

Ranar da ta ɗora masa shi a cinya, ya taɓa harafi ɗaya ya ji ƙas, idonsa ya yi haske yadda ba ta gani ba tun farkon ciwon. Ya sake dannawa don kawai ya ji ƙarar. Sai ta kama nuna masa layin sama, tana danna su ɗaya bayan ɗaya tana bayani. Ya karanta na farko, ya karanta na uku, da ta zo na ƙarshe ya zare hannunsa a hankali ya juya fuskarsa bango. Kwanaki suka wuce bai ƙara taɓa shi ba. Atika ta ji haushi sosai, ta ce a ranta taurin kai ne irin na tsofaffi, ga ta ta baro aikinta ta ƙone yatsu da dalma, shi kuma ko kallon abin ba ya yi.

Ran kasuwa Yero ya zo. Abokin Maliki ne tun suna kiwo tare, shi bai bar ruga ba, bai kuma san baƙi ko ɗaya na boko ba. Ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya jingine sandarsa, ya tsuguna kusa da gado.

"Maliki, ina kwana?" ya ce, ya dakata.

Ba amsa.

"Ina gajiya?" Ya sake dakatawa. "Yaya jiki? Yaya iyali?"

Yero ya san abokinsa ba ya magana, an gaya masa. Amma bakinsa ya saba, bayan kowace gaisuwa sai ya bar gurbin amsa, kuma gurbin ya zauna wayam a tsakaninsu. Atika tana tsaye a bakin ƙofa ta ga maƙogwaron mahaifinta yana motsi, yana kokawa, ba abin da ya fito sai wani ɗan gurnani. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne. Ba ta taɓa ganin hawayensa ba, ta ja da baya da sauri don kada ya san ta gani.

Ta sami mahaifiyarta Salamatu a madafa tana tsince shinkafa.

"Inna, mi ya sa ba ya taɓa abin nan? Ko ruwa ya nema da shi mana."

Salamatu ba ta ɗago ba. "Ke ɗiyar nan, tun da anka kawo ni gidan ga ban taɓa jin babanku ya ce yunwa ba, balle ciwo. Ni ka duban idonai in gane. Ruwa ni ka ba shi tun bai nema ba. Ke ko kin aza mai abin da za shi hwaɗa ma ɗiyatai ta hwari a kai shi bayan gida. Ya gwammace ya mutu da ƙishi." Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto. "Abin da ka cin shi ɗai na, a gaishe shi shi kasa amsawa."

Kunya ta rufe Atika. Ta tsara wa majinyaci abin da majinyaci ke buƙata, ta manta wane ne a kwance.

Rubutu a fuskar kwamfuta ba zai yi wa Yero amfani ba, murya ake so. Kuma muryar tana nan a wayarta, cikin saƙonnin da take ƙorafin tsawonsu. Ta zauna a zaure da abin ji a kunne tana yanka su gunduwa-gunduwa: lafiya lau, ina gajiya, ina gida, madalla. Ta sa dangi na Segbana suka turo mata nasu, a ciki ta samo "yaya bisashe", ta kuma samo dariyar nan tasa ta hanci, ta yanko ta ita ma. Tana cikin aikin ta kama kanta tana sauraron kowane saƙo har ƙarshe, tana neman abin da ta san babu. Duk "To, ke" ne, daga na farko har na ƙarshe.

Ta buɗe fayil ɗin ta goge layin buƙatu gaba ɗaya. A gurbinsu ta sa kowane maɓalli ya aika wata alama da kwamfutar za ta ji ta saki muryar da ta dace ta 'yar lasifika. Da ta zo haɗawa abin ya ƙi, ta yi ta dubawa tana tsaki har ta gano waƙafi ɗaya ne ta manta a ƙarshen wani layi. Haruffan kuwa ta bar su a hawa na biyu, sai ya riƙe wani maɓalli da babban yatsa su fito.

Ran kasuwar da ta biyo baya Yero ya sake tsugunawa a wurinsa. "Maliki, ina kwana?"

Yatsan Maliki ya yi ta lalube, sannan ƙas. "Lafiya lau," in ji muryarsa, cikakkiya, irin ta gindin dogon yaro.

Yero ya zabura har sandarsa ta faɗi, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya dubi Atika. Kafin ya gama salati sai ga wani ƙas ɗin: "Yaya bisashe?"

"Bisashe lahiya lau," in ji Yero. "Suna gaishe ka." Ya gyara zama, suka ɗauko gaisuwa daga farko, suka kai ƙarshe suka sake komawa, ba wanda ya katse su.

Daminar nan ita ce ta ƙarshe mai daɗi a gidan. Aka riƙa fito da shi zaure da hantsi, masu wucewa gona suna tsayawa su gaishe shi ya amsa. Maɓallin dariya ya zama abin tsokanarsa: duk lokacin da Salamatu ta fara faɗa da Jummai a kan wanke-wanke sai a ji dariyar hanci daga zaure, ita ma dole ta dara. Wani lokacin yakan shiga hawan haruffa ya buga 'yan kalmomi, a hankali, ba kuskure ko ɗaya, don har a kwance bai yarda da takarda mai gyara ba.

Amma ciwon bai tsaya ba. Atika ta koma aiki, tana zuwa duk ƙarshen mako, kuma kusan duk zuwa sai ta buɗe fayil ɗin. Yau ta ƙara lokacin da kibod zai jira kafin ya yarda an danna, don rawar hannun ta ƙaru. Wani makon ta cire sifirin ɗin ta sa masu laushi, don yatsan ba ya iya kai su ƙasa. Mutanen gida in ta tambaya sai su ce da sauƙi, ita kuwa ta san ba sauƙi, don ita ke ƙara lambar da hannunta. Ta tsani fayil ɗin, ta kuma kasa rabuwa da shi. Daga baya babban yatsan ya daina riƙewa, hawan haruffa ya rufe masa.

Ana yankan shinkafa a fadama lokacin da ta zo ta tarar yatsa ɗaya kawai ke motsi, shi ma iyakar tafin hannu yake kaiwa, kuma in maɓallai na kusa da juna biyu yake dannawa tare. Ta auna ta gani, wuri ba zai ɗauki fiye da biyar ba in an ware su. Sauran dole a cire. Ba ta so ta sake zaɓa masa, ta riga ta yi wannan kuskuren sau ɗaya. Ta zauna a tabarma gefen gadon da kwamfuta a cinya, Salamatu tana zaune daga ƙafafunsa.

"Baba, biyar za su rage. Zan kira su ɗai-ɗai. Wanda kake so ka dube ni, wanda ba ka so ka rufe ido."

Ta ce lafiya lau, ya dube ta. Ta ce ina gajiya, ya rufe ido. Ina gida, ya rufe. Madalla, ya rufe. Ta ce yaya bisashe, ta jira, don ta san na Yero ne, ya daɗe yana kallon rufin ɗaki sannan ya rufe. Da ta zo kan dariya ta tabbata zai riƙe ta. Ya rufe ido. Wannan ta yi mata zafi fiye da sauran, har ta sake tambaya ko bai ji ba, ya sake rufewa.

"Baba, saura gurbi huɗu, kuma gaisuwa ta ƙare."

Ya zuba mata ido bai ƙifta ba. Ta ɗauka ya gaji, ta fara rufe kwamfutar.

"Gwada mai baƙaƙen," in ji Salamatu a hankali.

"Inna, mi za ya rubuta da baƙi huɗu?"

"Ke dai gwada."

Ta fara daga farko. Ta ce A, ya dube ta. Ta rubuta. Ta ci gaba da kira yana rufe ido, yana rufewa, har ta zo I, ya dube ta. Ta wuce J. Da ta ce K ya buɗe ido a kanta, sai ta gane. Ba ta yi tsalle zuwa na ƙarshen ba, tsoro take ji kada ta yi zaton abin da ba shi ba ne. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar 'yar aji ɗaya, yana rufe ido, har ta ce T. Ya dube ta, bai kuma kawar da kai ba.

Salamatu ta miƙe ta ce bari ta duba tukunya, ta fita ta saki labule. Ba a ɗora komai a wuta ba a lokacin.

Atika ta goge duk sauran layukan. Fayil ɗin da ya taɓa cika fuskar kwamfuta ya koma 'yan layuka da ba su kai tafin hannu ba. Ta rubuta su tana goge ido da gefen mayafi, ta jera baƙaƙen huɗun yadda suke bi a sunanta, ta duba waƙafi sau biyu, ta haɗa, ta loda. Sannan ta zare sauran maɓallan ɗaya bayan ɗaya ta zuba a kwano, ta ɗora masa kibod ɗin, ta ɗauki hannunsa ta aza a kai. Rabon da ta riƙe hannun nan ba don jinya ba, ba ta iya tunawa.

Ya ɗauki lokaci. Yatsan ya ja jiki zuwa na farko, ƙas. Ya huta, numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya ja zuwa na biyu. Tsakanin na uku da na huɗu ya tsaya har ta ɗauka ƙarfin ya ƙare, ta miƙa hannu za ta taimaka, ya harare ta irin hararar da yake yi wa mai taɓa masa inji, ta janye. Ya danna na huɗu, ya koma na farko. Sunanta ya tsaya a fuskar kwamfutar da manyan baƙaƙe, ba kuskure.

"Na'am, Baba," ta ce.

Ta jira ta ji ko akwai abin da yake so, ta duba kofin ruwa, ta duba matashin kai. Ba abin da yake so. Yatsan ya sake ja da baya zuwa na farko, ya fara daga farko, ita kuma ta gyara zama a tabarmar tana jira ya kai ƙarshe ta sake amsawa.